Tuwon Ƙasan Buhu

A gidanmu na unguwar Sabangali akwai wani ɗan ɗaki a jikin madafi, wanda har yau ba na son a buɗe shi da rana tsaka. Idan zafi ya bugi bangon sai wani wari ya taso. Ba mai ƙarfi ba ne, baƙo ba zai ji ba, jikokina ma cewa suke yi hancina ne ya tsufa. Ni kuwa ina jin sa, kamar warin tabarmar da ruwa ya kwana a ƙarƙashinta. A ɗakin nan maigidana yake ajiye ƙasan buhu.

Bari in faɗi abin da ake kira haka, don na yanzu ba su sani ba. Mu masu hatsi ne tun kakanni, ni da shi duka. Rumfar kakana da ta kakansa suna kallon juna a kasuwar hatsi tun Nasara na mulki. Buhu idan ya taso daga ƙauye ba dukansa ke zama na sayarwa ba. Akwai wanda ya kwanta a ƙasa ya sha danshi, tsabar ta dunƙule, ta sake launi, ta yi fumfuna. Wasu sukan cuɗa shi da mai kyau su auna wa mutane, Allah ya shirye su. A zuriyar maigidana ba a yin haka. Zama ake yi a tsince, mai kyau a zuba a koro, kwanon awonmu na nan, marar kyau a ɗaure a kawo gida. Ba a sayar da shi, don zalunci ne. Ba a sadaka da shi, don ba a miƙa wa Allah abin da ka raina. Zubarwa kuwa ba a ma zancenta, abinci ne. Mai rumfa shi ke cinye kayansa. Haka ubansa ya yi, haka kakansa, kuma da wannan aka san gidan. Mace ta aiko daga wancan ƙarshen gari a auno mata a rumfarmu, ba ta ko kwance ƙullin ta duba.

Da na shigo gidan ban ga aibu a ciki ba, sai ma alfahari. A lokacin gero muke sayarwa, da jar dawa, da berbere, dawar rani da ake dasawa idan ruwa ya janye. Waɗannan na san su kamar 'ya'yan cikina, na san cutar kowanne. Na san burtuntuna da ke mai da kan dawa baƙin gari. Na san zangarniyar geron da ke zubar da wani danƙo kamar zuma, daga baya ya bushe ya bar baƙaƙen ƙwayoyi a cikin tsaba. Ba a sa ni makaranta ba, amma ba a nuna mini gyaran hatsi sau biyu ba. In surfa, in sheƙe, in zuba a ruwan gishiri, abin da ya taso in kwashe, in wanke, in shanya. Tuwon da zai fito, ko surukata ba ta iya bambanta shi da na saman buhu. Duk gidan muka ci, muka yi ƙiba a kai. Surukina ya ci shi har haƙoransa suka ƙare ya koma kununsa, ya rasu a kan buzunsa ba ciwon komai sai tsufa.

Sai gari ya buɗe, mutane suka yi yawa, masara ta shigo. Manyan motoci na kawo ta daga kudu, wata daga ƙetaren kogi. Matan yanzu suna son ta don ba wahala, a kai inji a dawo da farin gari. Ni dai ban taɓa ɗaukar ta abinci ba. Masara abin gasawa ce a bakin hanya, a ci ana tafiya. Amma kasuwa ba ta nemi shawarata ba. Maigidana ya fara ajiye ta, kafin ka ce me ta cinye rabin rumfa, ƙasan buhunta kuma ya fara biyo shi gida.

Fumfunarta ba irin wadda na sani ba ce. Kore-kore ce mai ruwan ɗorawa, tana manne a inda tsutsa ta huda, wata kuma ja-ja kamar an barbaɗa jar kanwa. Na yi mata abin da na saba yi wa gero. Tuwon ya fito da duhu, da wani ɗaci da ke tsayawa a ƙarshen harshe. Yara suka ture kwano, ni ma na ture. Shi kuwa ya jawo nasa ya ce, "Ku bar mini. Hajiya, ki riƙa ɗora mini 'yar tukunya daban." Daga ranar tukunya biyu ke hawa murhuna, babba ta gida, ƙarama tasa. Shekaru muka yi a haka.

Sannan aka yi shekarar da kogi ya shigo gari. Mu na Sabangali mun saba ganin kogin Shari ya cika, amma ba mu saba ganin kwale-kwale a ƙofar masallaci ba. Ruwa ya shiga sito, aka ɗaga buhuna aka jibga a kan benci da tubali, wanda ya jiƙe ya riga ya jiƙe. Babu wurin shanya, tsakar gida duk ruwa. Masarar da ta zo daga baya ma da danshinta ta zo, an girbe ta ana ruwa. Maigidana da babban ɗanmu, wanda ke zama tare da shi a rumfa, suka yi ta tsinta har idonsu ya yi ja. A da ƙasan buhu ƙulli ne da ake ratayowa a keke. A shekarar nan ɗakin ya cika har kusa da rufi.

Na tsaya a ƙofa na ce, "Alhaji, wannan ai ko giwa ce sai ta nemi taimako."

Ya ce, "Kaɗan-kaɗan, Hajiya. Ba gudu zai yi ba."

Muna da 'ya ta tsakiya wadda aka sa wa sunan mahaifiyarsa, shi ya sa ba ya kama sunanta, sai dai ya ce Uwata. Ita ce ta yi karatun noma har jami'a, tana aiki a wurin da ake gwada iri da hatsi. Tana aure a Gassi, can bayan gari, inda sai mutum ya gaji da zaman kar, 'yar bas ɗin nan tamu, kafin ya isa. Wata Juma'a ta zo, ta shiga ɗakin neman rariya, ta daɗe. Da ta fito babu rariya a hannunta, sai masara cike da tafi.

"Inna, wa ke cin wannan?"

"Ubanki."

"Tun yaushe?"

"Tun ba a haife ki ba ake cin ƙasan buhu a gidan nan. Da shi aka yaye ki."

"Ba gero nake tambaya ba. Masarar, tun yaushe?"

Da na faɗa mata sai ta zauna a kan turmi, abin da ta san na hana tun tana ƙarama.

Na ce kada ta kawo mini karatu madafina. Ina surfawa, ina wankewa, wuta kuma tana cinye abin da ya rage. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Inna, abin da kika sani gaskiya ne, amma na gero ne. Kowace fumfuna da gidan da ta saba. Ta gero ta san gero, tana fitowa fili a gan ta, ruwa ya ɗago ta ki kwashe. Wannan kuwa masara ta sani, ita da gyaɗa. A ƙasa take zaune tana jira. Idan masara ta sha ƙishirwa a gona, ko tsutsa ta huda ta, sai ta bi ta gemu ta shige cikin ƙwaya. Danshi ya same ta a buhu, ta baje. Ta daɗe tana koyon masara, kamar yadda kika koyi gidan nan har kin san inda kowace allura take. Tana ci tana fitar da wani abu a ciki. Ba don mu take yi ba, ba ta ma san da mu ba. Wataƙila ƙwari take kora da sauran masu son abincinta, masana ma ba su gama ganewa ba. Amma idan ya shiga cikin mutum, hanta yake nufa."

Na ce, "Ɗacin nan ke nan."

"A'a, ɗacin na ruɓa ne. Shi ba ya da ɗanɗano, ba ya da wari. Wanki yana rage shi, amma ba ya raba shi da ƙwayar. Wuta ba ta kashe shi."

Abin da wuta ba ta kashewa! Ni da na tsufa a gindin murhu ban taɓa jin irinsa ba. Na yi mata tsaki. Amma da ta ƙulla kaɗan a leda ta tafi da shi wurin aikinsu, ban hana ta ba. Ranar da ta dawo, tun daga zaure na ga fuskarta, ban tambaye ta abin da aka gani ba. Ta wuce ni ta je ta durƙusa a gefen tabarmar ubanta.

"Uwata, yau faɗa aka zo yi mini? Na ga an ɗauro fuska tun daga Gassi."

Ta faɗa masa duka, a hankali, kanta a ƙasa.

Ya ce, "Ubana ya ci, ya kai inda ya kai."

"Gero ya ci, Baba."

"Hatsi ai hatsi ne. To, na ji. In mayar rumfa in auna wa mutane?"

"A'a."

"In yi sadaka?"

"A'a, Baba."

"In ba kajin uwarki?"

"Ko kaji, ko awaki. A akuya ma yana biyo nono."

Ya yi dariya har da tari. "Kin ji, Hajiya? Akuya ta fi ƙarfinsa, kaza ta fi ƙarfinsa. Kin ga ai saura ni."

"A ƙone shi, Baba."

Dariyar ta tsaya. Sannan ya ce a shekarar yunwa ya bi motar hatsi zuwa arewa, ya ga mata a durƙushe suna tona gidan tururuwa, suna tsintar tsaba ɗaya-ɗaya suna hure ƙasa. Ya ce wata ta yi ta bin motar da gudu tana tara hannu a inda buhu ke yoyo. "Wanda ya ga wannan, Uwata, ba ya sa wa hatsi ashana. Da wane ido zan tsaya gaban Ubangijina?" Ta ce ransa ma amana ce a hannunsa. Ya ce, "Tashi ki yi sallama da uwarki. Magariba ta kusa, mota za ta yi wuya."

Daga ranar abu ɗaya na sa a gaba, in raba bakin mutumin nan da masarar nan tun da sauransa.

Na fara da dabara. Na aika aka auno mini masara mai kyau a wata rumfa can nesa, na kai niƙa, na barbaɗa 'yar dusar jar dawa don tuwon ya yi duhu. Loma biyu ya yi ya tsayar da hannu. "Hajiya, tuwon nan ya cika daɗi. Ba nawa ba ne." Ya tashi ya shiga ɗakin, ya shafa bakin buhuna. Ɗaurinsa ne, babu wanda ya kwance. Ya dawo ya zauna, bai yi faɗa ba, ya cinye don kada a zubar, ya wanke hannu.

Washegari na fito fili. Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa ce masa a'a a kan abinci ba. Na ce, "Alhaji, hannun nan ba zai ƙara tuƙa shi ba. Ka kai ƙarata inda ka ga dama." Na ɗauki 'yar tukunyar na kife ta a kan rufin madafi. Ya ce, "To, Hajiya." Na ɗauka na yi nasara, har na aika wa 'yata da albishir.

Ashe da safe yakan ɗebi koro guda ya ɗaure a bayan babur, sai unguwar Habbena, gidan yayarsa. Tsohuwa ce mai kafiya, mijinta ya daɗe da rasuwa, ba ta da abin so a duniya kamar ƙanen nan nata. Ita ke kai niƙa ta tuƙa masa, ya biya da azahar ya ci. Na gane ne da na ga ɗakin na raguwa, abincin ranar da nake aika masa kuma yana dawowa ba a taɓa ba. Na yafa mayafi na hau kar.

"Yaya, abin da kike ba shi guba ne."

"Lale, lale, uwar likita. Zauna ki sha ruwa tukuna."

"Ba zama ya kawo ni ba."

"Ke kin zo kin same shi da gemunsa. Ni na goya shi, ni na tauna na sa masa a baki. Yau ni zan kashe shi? Kin kife masa tukunya don 'yarki ta sa farar riga. Namiji ya ce ga abin da zai ci, matarsa ta hana, to yana da 'yar'uwa."

"Ki ɗanɗana ki ji."

"Na ɗanɗana. Na ci wanda ya fi shi ɗaci, ga ni zaune."

Na yi magana mai daɗi, na yi marar daɗi, har na yi abin da ban taɓa yi wa wata mace ba, na durƙusa na kama ƙafarta. Ta janye ƙafar ta ce in tashi kada maƙwabta su gani. A hanyar dawowa na rufe fuska da mayafi. Matar da ke kusa da ni ta dafa ni ta yi mini ta'aziyya da Larabci, ba ta san wa ya mutu ba. Ban gyara mata ba.

Riga ce ta fara faɗa mini. Babbar rigarsa ta Juma'a ta soma zamewa daga kafaɗa, alhali ciki na tasowa. Sai ƙafa ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Sai wata safiya ya ɗago ya dube ni, na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, launin abin nan da ke jikin masarar. 'Yata da ɗanmu suka kai shi labtan, asibiti ke nan a bakin mutanen garin nan. Likita ya ce akwai tsohon ciwon hanta a jininsa, mai yiwuwa tun yarinta, yana kwance bai motsa ba. Abin da ya daɗe yana ci ya zo ya hau kai, biyun suka haɗu suka yi tsiro. Ya ce ba zai rantse wanne ya fi ɓarna ba. Ya ce a kai shi gida a ba shi abin da yake so. 'Yata ba ta taɓa cewa ai na faɗa ba. Yayarsa ta zo ta zauna a bakin ƙofa, ta ce sammu ne na 'yan kasuwa masu hassada.

Ya daina zuwa Habbena don ƙafa ta ƙi. Ya daina cin masarar, ya daina cin komai, sai kunun gero tsararo, shi ma kaɗan. Nakan dama masa da geron saman buhu, wanda ya fi kowanne kyau a rumfar, wanda tsawon ransa bai yarda ya kawo gida ba. Ya kurɓa ya lumshe ido ya ce, "Ashe haka mutane ke sha."

Wata la'asar muka fito da shi ƙarƙashin darbejiya. Ya juya kai wajen ɗakin.

"Da saura?"

"Da saura da yawa."

"Na rage shi iyakar ƙarfina."

"Ka rage, Alhaji."

"Kada ki ƙone, Hajiya."

"Ba zan ƙone ba."

"Kada kuma ki ba kowa. Uwata ta yi gaskiya. Amma kada ki faɗa mata na ce, kanta zai yi girma."

"To in yi yaya da shi?"

Can ya ce, "Daga ƙasa ya fito. Ki mayar mata da kayanta."

Bai kai damina ba.

Ranar sadakar uku gidan bai ɗauki mutane ba, duk kasuwar hatsi ta taso, abinci ya kasa. Yayarsa ta ce ga ɗaki cike da hatsin mamaci, a buɗe a gauraya da mai kyau a kai inji, ladan ya isa gare shi. Ina cikin takaba, wurina kan tabarma ne a ɗaka, kaina a ƙasa. Na tashi na ratsa ta cikin mata, na zauna a ƙofar ɗakin na jingina bayana da ƙyaure. Mabuɗin yana ƙulle a haɓar zanena.

Yayarsa ta ce, "Tashi! Kina takaba, ba ki jin kunya?"

"Yaya, mutumin nan bai taɓa auna wa kowa wannan ba yana raye. Ba za a fara da sunansa yana kabari ba."

Aka ce rowa ce. Aka ce baƙin ciki ya taɓa mini kai. Wasu sun tafi ba su ci ba, har yau akwai gidajen da ake ba da labarin matar da ta hana sadakar mijinta. Su bayar. Ban tashi ba sai da gidan ya watse.

Da na fita takaba muka ɗauki mota muka kai shi Gassi, bayan gidan 'yata, nesa da rijiya. An haƙa rami, zurfinsa ya wuce tsayin mutum. Na ce babu mai zubawa sai ni. Ana kwance mini ɗaurinsa buhu bayan buhu, ina turawa, koren gari na tashi, 'yata ta ɗaure mini hanci da ƙyalle. Na yi bisimilla kamar mai shuka. Aka mayar da ƙasa. Da ruwa ya sauka, waɗanda suka zube a bakin ramin suka tsiro, 'yan sirara, rawaya-rawaya. Na tuge su tun ba su yi gemu ba. 'Yata ta ce ko na tuge ko ban tuge ba, abin yana nan a ƙasa, a kowace gona, yana jiran masararsa.

Yanzu babban ɗanmu ke riƙe da rumfa. Masara ta fi da yawa, damina kuma kowace shekara sai ta jiƙa wani abu. Ba ya kawo ƙasan buhu gida, ɗakin babu komai sai tsofaffin tukwane da warin nan. Na san buhu bai daina yin ƙasa ba, kuma ba a ƙara haƙa rami a Gassi ba. Kullum idan ya shigo gaishe ni nakan ce a raina yau zan tambaye shi inda yake kai shi. Sai ya durƙusa, ya ɗago kai, in ga idonsa fari tas, in san ba shi ke ci ba, in ce Allah ya yi albarka, ya tashi ya tafi.